Jawabin Maraba ga Mai Shari'a a Taron Lauyoyin Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Mai Shari'a, babban baƙonmu, iyayenmu alƙalai, 'yan uwana lauyoyi, da ƙannenmu ɗaliban shari'a na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, barkanku da zuwa. Mai Shari'a, sannu da hanya. Ka taho Birnin Shehu cikin wannan zafi namu ba ka yi ƙorafi ba, Allah ya saka da alheri.

Mun roƙe ka ka zo ne a kan abin da ba mu son faɗa da ƙarfi: takardar ƙara zuwa Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi. Dokar Aikin Lauya ta 1975 ta ba kwamitin ikon yi wa lauya gargaɗi, ko dakatar da shi, ko a soke sunansa daga rajistar Kotun Ƙoli. Shekarun jami'a da na makarantar lauyoyi, duk su tafi a zama ɗaya.

A iya ganina, ranka ya daɗe, faɗuwa a shari'a ba ita ke kai mutum ga kai ƙarar lauyansa ba. Mutanenmu akwai tawakkali. Abin da ba su yafewa kuɗi ne da shiru. Dattijo ya taso daga Illela ko Gwadabawa kan rikicin gona, ya biya kuɗin mota, ya tarar an ɗage zama tun makon jiya, ba wanda ya kira shi. Ya buga waya, ba a ɗauka ba. Ko a karɓo wa marayu kuɗin diyya, lauya ya zuba a asusunsa "kafin wata ya ƙare". Ƙa'idojin aiki na 2023, da suka maye gurbin na 2007, ba su bar ƙofa a nan ba: kuɗin wanda kake karewa amana ne, asusunsa dabam. A rubuta yarjejeniyar lada tun ranar farko, a ba da rasit, ko da ɗan unguwarku ne. Musamman ma ɗan unguwarku.

Biyan kuɗin izinin aiki na shekara-shekara kafin 31 ga Maris, da sa hatimin lauya a kan takardu, waɗannan kowa ya sani, mantuwa ce kawai ke yi mana yawa.

Mai Shari'a, ka daɗe a kan kujera, ka ga inda ƙafar lauyoyi ke zamewa. Matasanmu sun zo da alƙalami da takarda. Bismillah, Allah ya ja zamaninka, wuri naka ne.