Lacca: Yadda Ake Sauya Windows da Linux a Kwamfutar Gida

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da haɗuwa.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: guntun tsaro TPM 2.0, kuma idan firosesa Intel ce, ta zama zubi na 8 ko sama. Da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ke hannunmu, irin su HP EliteBook 840 G3 mai zubi na 6, ba su cika wannan sharaɗi ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Abin takaici ne a ce an jingine su. Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda Linus Torvalds ya fara rubuta ginshiƙinta a Finland a 1991, kyauta ce, kowa yana iya duba lambobinta ya gyara, kuma tana tafiya sumul a kan irin waɗannan na'urori.

Ga mai farawa, shawarata Linux Mint. An gina ta a kan Ubuntu, wani nau'in Linux, fuskarta ta yi kama da Windows, kuma jerin Mint 22 zai riƙa samun gyara har 2029. Mai RAM 4GB ko sama ya ɗauki nau'in Cinnamon. Mai ƙasa da haka ya ɗauki Xfce, ya fi sauƙin nauyi.

Kafin a taɓa komai, a kwashe takardu da hotuna zuwa wani faifai na waje. Ba a cikin D na wannan kwamfutar ba, domin C da D sau da yawa faifai guda ne aka raba, gogewa ɗaya za ta tafi da su duka. Sannan a duba ko BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifai, yana kunne. Idan yana kunne, a rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda, domin canza saitin BIOS (saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi) kawai yana iya sa Windows ta kulle ta nemi wannan lamba.

Fayil ɗin girka Mint da ake saukewa daga shafinta, wato ISO, ya kusa 3GB, don haka a tanadi data. Idan ya sauka, a gwada lambar SHA256 tasa, mai nuna ko fayil ya sauka daidai, da wadda ke shafin Mint. Mutane suna raina wannan mataki, amma inda intanet ke yankewa, fayil yana iya sauka da rauni, sai an kai rabin girkawa ya tsaya cak. A samo filash 8GB, a zuba ISO a ciki da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge.

Sai a kashe kwamfuta, a soka filash, a kunna ana danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a yawancin Asus. Mint za ta tashi daga filash ɗin ba tare da ta taɓa faifanku ba. To, a nan nake so ku daɗe. Kada ku yi gaggawar danna maɓallin girkawa. Ku haɗa Wi-Fi, ku kunna sauti, ku buɗe kyamara, ku rage hasken allo, ku soka firinta ku buga shafi guda. Ku buɗe takardar da kuka fi aiki da ita cikin LibreOffice, madadin Microsoft Office, ku ga ko teburorinta sun zauna daidai. Abin da ya ƙi aiki a nan, galibi zai ƙi bayan girkawa, kuma gara ku sani tun Windows tana nan.

Idan Wi-Fi bai fito ba sam, yawanci katin Broadcom ne, direbansa ba ya zuwa a kunne. A haɗa wayar hannu da kwamfutar ta kebul, a kunna raba intanet ta USB, a buɗe Driver Manager a girka shi. Direban katin hoto na NVIDIA ma a can yake. Idan kuwa manhajar girkawa ta ce ba ta ga faifai ba, ku leƙa BIOS: an saita SATA, wato hanyar haɗa faifai, a kan RAID ko Intel RST, sai a mayar da shi AHCI. Amma a kula, mai son riƙe Windows sai ya fara sa ta tashi a Safe Mode kafin ya canza, in ba haka ba za ta ƙi tashi.

Wajen girkawa zaɓi biyu ne: a goge faifan duka, ko a zauna gefe da Windows. Mai zaɓi na biyu ya ware wa Mint aƙalla 50GB, ya kuma kashe Fast Startup a Windows, domin ba ya barin ta mutu gaba ɗaya, sai Linux ta tarar da ɓangaren Windows a kulle, ta iya karantawa ta kasa rubutawa. Kuma don Allah batir ya cika, caja a jone. Ɗaukewar wuta lokacin da ake raba faifai tana iya lalata ɓangarorin biyu.

Masu Windows da Linux tare za su ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya. Ba batirin agogo ba ne. Linux tana ajiye agogon na'ura a kan UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, Windows tana ɗaukarsa lokacin gida, mu kuma a Nijeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1, idan an rubuta shi a Terminal (tagar rubuta umarni) na Mint, yana warware shi.

Gaskiya guda: CorelDRAW da Photoshop ba su da nau'in Linux. Akwai Inkscape da GIMP, amma mai shagon buga katin biki da ke karɓar fayilolin Corel kullum, ya bar Windows a gefe. Takardun Word kuma da ke zamewa, matsalar haruffa ce. A girka haruffan Carlito da Caladea, faɗinsu ɗaya da Calibri da Cambria. Masu rubutun Hausa su shiga saitin allon rubutu su ƙara tsarin Hausa na Nijeriya, ɓ, ɗ da ƙ za su samu.

Da an gama, a buɗe manhajar Timeshift a ɗauki hoton tsarin, wato kwafin da za a iya komawa kansa in wani abu ya lalace, kafin sabuntawar farko. Ku sani shi tsarin yake adanawa, ba takardunku ba, su har yanzu faifan waje ne gatansu.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, ya faɗi samfurin kwamfutarsa tukuna.