Gida biyu iri ɗaya a Maraɗi, me ya raba farashinsu?

Jama'a, assalamu alaikum. Gardamar da ta cika fada kwanan nan ke nan: gida biyu, fili ɗaya, ɗakuna ɗaya, amma dillali ya ce wannan ya fi wancan tsada nesa ba kusa ba. Kowa sai ya ce, "ai yana bakin kwalta." Akwai gaskiya a ciki, amma daidai nan ake ɓata lissafi.

Ku dubi babbar hanyar nan da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram. Manyan motoci, ƙura, ƙara. Mai shago ko mai gareji zai zuba kuɗi a bakinta, don ciniki yake nema. Magidanci mai ƙananan yara kuwa, kullum hankalinsa na kan wanda zai tsallakar da su. Wannan tsadar ta kasuwanci ce. Tsadar gidan zama, ƙafa ce ke auna ta.

Daga ƙofar gida, minti nawa zuwa makaranta? Zuwa masallaci, injin niƙa, mai kayan miya, likita? Kuma a wane wata? Lungun da ake ratsawa cikin minti 5 da rani, in ruwan Agusta ya kwanta sai an yi zagaye. Shi ya sa titunan da aka gyara lokacin Maraɗi Kwalliya, shirin ƙawata gari don bikin ranar Jamhuriya a 2015, suka amfani har mutanen da ba su da ko keke.

To, yaya tafiyar ƙafa ke zama kuɗin gida? Ku tsaya nan, wannan ne zancen. Mu ƙaddara iyali sun tare can bayan gari, cikin sababbin filaye. Yara biyu zuwa makaranta, uwargida zuwa kasuwa, duka a kan kabu-kabu ko adaidaita. Mu ce jaka 1 a rana. A wata ta kusa jaka 30, ba a ci ba, ba a sha ba. In suka samu gida a unguwar Zariya ko Sabon Gari, nan cikin Maraɗi, inda duk wannan zirga-zirga ta ƙafa ce, za su yarda su ƙara jaka 10 ko 15 a kan haya, kuma har yanzu da sauran canji a aljihu. Mai sayen gida kuwa hayar da zai karɓa yake dubawa. Haya ta hau, farashin gida ya bi ta. Kuɗin da ba a ba ɗan kabu-kabu ba, su ne suka shige cikin bango.

A Amurka har maki suke ba unguwa kan sauƙin zuwa wurare da ƙafa, daga 0 zuwa 100, sunansa Walk Score. Wani bincike na 2009 ya duba birane 15, a 13 daga ciki gidajen da suka fi maki sun fi tsada.

Ni dai abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yanka filaye nesa, a sayar, makaranta da famfo su zo bayan shekaru. Talaka ya sayi arha, ya yi ta biyan cikon kullum a kan babur.

Amma a kula, kusa da komai bai isa ba in wurin kwari ne. Ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa Maraɗi ta hau tudu. Kafin ka biya, je da safe lokacin fitar ƴan makaranta, ka taka da ƙafarka, sannan ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi da damina.