Randar da ke cikin zuciya

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ɗora hannu a ƙirjinka ka ji. Wannan bugun, kusan sau 100,000 yake yi a kowace rana, kuma ko ɗaya ba zai yiwu ba sai da sinadarin kalsiyam.

A 1883 wani likita a Landan, Sydney Ringer, yana gwaji da zuciyar kwaɗo, sai ya ga ta daɗe tana bugawa fiye da yadda ya zata. Ashe mataimakinsa ruwan famfo ya zuba maimakon tataccen ruwa, ruwan famfon kuwa akwai kalsiyam a ciki.

To ga yadda abin yake. A cikin kowace ƙwayar tsokar zuciya akwai wata ma'ajiya, mu kira ta randa, cike da kalsiyam. In lokacin bugu ya yi, ɗan kalsiyam kaɗan ya shigo daga waje, shi ne ke ɗage murfin randar, mai yawa ya kwararo, tsoka ta matse, jini ya fita. Nan take wani ɗan famfo, kamar injin ban-ruwa na masu noman rani a Kadawa, ya zuƙe shi ya mayar randa, tsokar ta saki, zuciya ta sake cika da jini. Duk wannan cikin ƙasa da daƙiƙa guda.

Idan zuciya ta gaza, famfon ne ke yin sanyi, randar kuma ta fara yoyo. Randar ba ta cika balle tsokar ta matse da ƙarfi, tsokar kuma ba ta saki sosai. Daga nan sai kumburin ƙafa, sai haki, mutum ya kasa kwanciya sai ya jingina da matashi biyu ko uku.

Wani zai ce a ƙara shan nono kenan, tunda akwai kalsiyam a cikinsa. A'a, malam. Matsalar ba ƙarancin kalsiyam a abinci ba ce, jujjuya shi a cikin ƙwayar ne ya lalace.

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, hawan jini da aka yi sakaci da shi ne ke yawan kai mutum ga gazawar zuciya. Sai kuma masu jego. Iya, kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, kanwar dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ta ƙara wa gajiyayyar zuciya lodi. In kika ga 'yarki tana haki, ƙafafu sun kumbura, ki ajiye ludayin, a nemi mota zuwa asibiti a duba zuciyar.