Shin masu sharhin fim suna yi wa jaruman DC rashin adalci?

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, na gode da kuka samu zama.

Zargin da za mu duba yau ya yi ƙamari ne a 2016. A watan Maris na shekarar, kamfanin Warner Bros., mai jaruman DC irin su Batman da Superman, ya fitar da Batman v Superman. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, makinsa a Rotten Tomatoes, shafin intanet mai tara sharhin finafinai, bai kai kashi 30 cikin ɗari ba. A watan Mayu Marvel, kishiyar DC, ta kawo Captain America: Civil War, ya samu kusan kashi 90. Da Suicide Squad na DC ya fito a Agusta, shi ma ya sha ƙasa, sai masoya DC suka ce ai Disney, uwar gidan Marvel, ta saye masu sharhi. Har takardar koke aka yi a intanet, wai a rufe shafin.

To, mu fara da zancen saye ɗin, don shi ba ya cin lokaci. Wa ya mallaki shafin? Tun 2011 yana hannun Warner Bros. ne. A 2016 Fandango, kamfanin sayar da tikitin sinima, ya saye shi, amma Warner ta riƙe wani kaso. Wato gidan da ake zargi da zaluntar DC, mai DC ɗin yana da hannun jari a cikinsa. Abin dariya ma, a 2017 da shafin ya jinkirta bayyana makin Justice League, zargin juyewa ya yi: aka ce Warner ake rufa wa asiri.

Amma kada ku tashi da tunanin ma'aunin ba shi da karkata. Yana da ita, kuma nan nake so mu daɗe. Shafin ba ya yin sharhi da kansa. Tattara na mutane yake yi, ya raba su gida biyu, wanda ya yaba da wanda ya kushe, sannan ya ƙirga. In masu yabo sun kai kashi 60, a sa wa fim jan tumatir; in ba su kai ba, a ce ruɓaɓɓe ne. Ku ɗauka masu sharhi 100 ne, kowannensu ya ce, “Ba laifi, ana iya kallo.” Wannan fim ya ci 100 ke nan. Ga wani kuma, rabinsu sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba, rabi sun ce ɓata lokaci ne. Ya tashi da 50, ruɓaɓɓe. Kun ga lambar ba kyawun fim take aunawa ba, yawan waɗanda bai ɓata wa rai ba take ƙirgawa.

Marvel ta daɗe tana girki irin na biki: ba a cika barkono, don kowa ya iya ci. Ga raha, ga labari a miƙe. Shi kuwa Zack Snyder, daraktan Batman v Superman, duhu ya zaɓa, da Batman mai kisa, da Superman mai ɗaure fuska. Wasu suna sonsa kamar me, wasu ba sa ko son ji. Duk fim mai raba kan mutane haka, wannan ma'auni zai danne shi, ko na wane kamfani ne. Joker na 2019, fim ɗin DC, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice, Joaquin Phoenix ya ɗauki Oscar da shi, amma makinsa bai kai 70 ba.

Wani zai ce, to ai ga shaida nan, ƙiyayyar DC ce. A'a. The Dark Knight na 2008 da Wonder Woman na 2017 duk na DC ne, duk sun haura 90. Eternals na Marvel kuma a 2021 ya faɗi ƙasa da 50, haka Quantumania a 2023. In Disney biya take yi, to ta yi asarar kuɗinta.

Sannan ba masu sharhi kaɗai suka juya wa Batman v Superman baya ba. A ƙarshen mako na biyu, cinikinsa a Amurka ya ragu da kusan kashi 69. Waɗanda suka kalla ne suka koma gida suka ba da labari.

Shi ma makin 'yan kallo da shafin ke nunawa daban, wanda ake cewa shi ne muryar talaka, ku yi hattara da shi. A 2019, tun Captain Marvel bai fito ba aka yi masa taron dangi da kushe, saboda haushin wasu kalaman jarumarsa Brie Larson. Dole shafin ya hana rubutu kafin fitowar fim, daga baya ya fara tantance waɗanda suka sayi tikiti.

Ni dai shawarata, in fim ya tsaya a tsakiya, ku buɗe sharhi biyu ko uku ku karanta dalilin da ya raba su. Nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu.