Koyon Sarrafa Na'urorin Tace Bidiyo ta Hanyar Bidiyon Koyarwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa masu sauraro, laccarmu ta yau ta shafi yadda mutum zai koyi sarrafa na'urorin tace bidiyo daga bidiyoyin koyarwa da ke intanet. Ina nufin na'urorin da ake jonawa da kwamfuta ana aiki da su da hannu wajen yanka hoto, gyara launi ko sauya kyamara.

Wannan aiki ya girmi tace bidiyo a kan kwamfuta. A zamanin kaset, irin U-matic da kamfanin Sony ya fitar a 1971 da Betacam na 1982, edita yana da wani faifai da yake murzawa domin ya kai kaset gaba ko ya dawo da shi baya. Da aiki ya koma kan kwamfuta, musamman bayan fitowar manhajar Media Composer ta kamfanin Avid a 1989, sai mutane da yawa suka koma ga linzamin kwamfuta. Amma faifan bai mutu ba, domin a 2020 kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya ya fitar da na'urar Speed Editor, wadda aka ƙera domin manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, kuma faifan ne jigonta. A da, mai koyo yakan zauna gefen maigidansa, idan ya ɗora yatsa a inda bai dace ba a gyara masa nan take. Yau bidiyo ne ya maye gurbin maigidan, kuma bidiyo ba ya ganin hannunka, saboda haka nauyin gyara ya dawo kanka.

Wannan ne ya sa nake ganin cewa duk bidiyon da bai nuna hannun malami tare da allon kwamfutarsa a lokaci guda ba, rabin darasi ne. Ku duba yadda ake rage farkon wani yanki a Speed Editor: yatsan hagu yana danne maɓallin da ke wannan aikin, hannun dama yana murza faifan a hankali, sai wurin yankan ya matsa, kuma ba a sakin maɓallin sai an kai inda ake so. Wanda allo kaɗai aka nuna masa zai ga yankin ya gajarce, amma ba zai san cewa an riƙe maɓalli ba. Ƙari a kan haka, maɓallai da yawa a wannan na'ura aiki biyu suke yi, ɗaya idan an danna sau ɗaya, ɗayan kuma idan an danna sau biyu ko an danne. Malamin da hannunsa ya saba yakan yi wannan cikin ƙiftawar ido. Maganinsa yana cikin YouTube ɗin kansa: a rage gudun bidiyon zuwa 0.25, ko a tsayar da shi a riƙa danna waƙafi da aya a allon rubutu domin tafiya firam bayan firam, wato ɗaiɗaikun hotunan da suka haɗu suka zama bidiyo, har a ga daidai lokacin da yatsa ya sauka da lokacin da ya tashi.

Ganin ma bai wadatar ba sai an tsayar da bidiyon an maimaita da hannu. Faifan Speed Editor yana da yanayi uku: na tafiya firam-firam, na gudu gwargwadon yadda aka karkata shi, da na tsallake nisa a cikin aikin. Malami zai bayyana su cikin minti ɗaya, amma a bidiyo mai firam 25 a daƙiƙa, tsayawa a kan firam ɗin da mai magana ya rufe bakinsa abu ne da yatsa yake koya da kansa, sannu a hankali. Shi ya sa nake fifita darussan da ake bayar da hotunan gwaji tare da su, kamar yadda Blackmagic yake yi kyauta a shafinsa, domin ka yi aiki a kan hoton da malamin yake aiki a kai, ka kuma gwada sakamakonka da nasa.

A wajen na'urar gyara launi akwai wani tarko na dabam. Ƙwallaye uku ne a kanta, ɗaya na ɓangaren duhu, ɗaya na tsaka-tsaki, ɗaya na haske, kuma amfaninta shi ne hannu biyu su yi aiki tare alhali ido yana kan hoto. Sai dai launin da kake gani a bidiyon koyarwa an matse shi kafin ya iso gare ka, kuma allonka ba irin na malamin ba ne. Saboda haka ku sa ido kan ma'aunan haske da launi da yake nunawa a gefe, domin su ba sa canzawa daga allo zuwa allo.

Na'urar sauya kyamara irin ATEM Mini, mai ɗaukar kyamara huɗu ta wayar jona bidiyo da ake kira HDMI, ita kuwa a shirin kai tsaye ake amfani da ita, inda kuskure ba ya goguwa, don haka a gama gwaji kafin ranar shiri.

Ku riƙa duba ranar da aka ɗora bidiyo, domin sabunta manhaja yakan sauya aikin wani maɓalli, sai mai koyo ya zaci na'urarsa ce ta lalace. Wanda kuma bai mallaki na'urar ba tukuna, ya fara da haruffan J, K da L a allon rubutunsa, wato baya, tsayawa da gaba, waɗanda suke aiki a manyan manhajojin tace bidiyo, domin su ne za su fara raba hannunsa da linzami.