Sharhi: Daga ina sunan "zargina" ya fito?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Daga Garwa ta Kamaru har Mundu ta Cadi, in direba ya ce "zargina sun tare hanya", ba a tambayarsa ƙarin bayani, sai salati. Amma iyayenmu mata sun riga kowa sanin kalmar, domin asalinta a bahon wanki take.

Zargina ita ce bular nan da ake sayowa a tebur. A ƙulle ɗan ƙwaya a tsumma, a kaɗa a ruwan ɗauraya na ƙarshe, farar riga ta fito tas. In hannu ya yi nauyi kuwa, rigar ta yi dabbare-dabbare. Masana suna danganta sunan da Larabci, "azraƙ", wato shuɗi.

To ita 'yan fashin daji suke damawa da kauri su shafe fuska, su naɗa rawani a kai, ido kaɗai ke waje. A hankali sunan abin shafawar ya koma kan mai shafawar, kamar yadda a Kano aka samu "'yan daba" daga dabar da mafarauta ke zama.

A nan ya kamata mu tsaya. Baƙon da ba wanda ya san shi, me zai sa ya ɓata lokaci yana ɓoye fuska? Mai shafa zargina tsoron a gane shi yake yi. Sau da yawa a kasuwar shanu ake shirya aikin: ɗan leƙen asiri yana gefe yana kallon wanda ya sayar da bijimai ya cusa kuɗi a aljihu, ya lura da motar da ya hau. Da yamma sai a gicciya icce a kwana, inda dole mota ta rage gudu. Bindigogin da yaƙe-yaƙen Cadi suka watsa tun shekarun 1980 su suka maye gurbin kwari da baka.

Da aka kafa BIR, rundunar sojan Kamaru ta kai ɗaukin gaggawa, a 2001, hanya ta yi wa 'yan fashin zafi, sai da yawansu suka koma rugage, suna ɗauke 'ya'yan makiyaya don kuɗin fansa. Shi ya sa ranmu ke ɓaci in muka ji ana jifan kowane Bororo da wannan suna. Nawa ne cikinsu suka sayar da garke kaf don su karɓo ɗa guda?