Mun kai yara duwatsun Kaita, da gurumi da shayi

Assalamu alaikum jama'a. Mutanen Tawa, mutanen Yamai, da ku ƴan uwa da ke kallo daga Abijan, Aljeriya, Libiya, Faransa da duk inda biɗa ta kai ku, ina kwananku, ina gajiya? Waɗanda suka saba da ni sun san daga Girenobul, can ƙasar Faransa, nake yi muku magana, to yau ga ni a tsakar gidanmu a Tawa, wannan dakan da kuke ji a bayana na furar da za mu tafi da ita ne. Tun farkon watan Yuli aka ba yara hutun lakkol, muka tattara muka taho. Mun sauka Yamai muka huta wajen yayata, sannan muka ɗauki hanya: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, a Tsarnawa muka karya hagu muka miƙe arewa, Badagishiri, sai gida. Wajen kilomita 550 ke nan, wanda ya taɓa yin ta da ƙananan yara ya san aiki ce.

Yau Kaita muka nufa. A Girenobul duk tagar da ka buɗe dutse za ka gani, wasu na neman mita 3,000, ƙanƙara a kansu har cikin bazara, kuma malaman lakkol na kai yara can su yini. Wata rana babban ɗana ya tambaye ni ko akwai dutse a Nijar. Na ce masa akwai na Ayar can wajen Agadas, akwai kuma namu na Adar, waɗanda kakanninsa suka yi noma a gindinsu. Tun ranar na yi masa alkawari.

Mota biyu ce. Ga uwargida da yara, ga Inna da ta ce ba za a bar ta a gida ba, ga abokina na ƙuruciya da ke koyarwa nan Tawa, shi ne jagoranmu don dangin uwarsa mutanen can ne. Ga wani abokin namu da ya zo daga Liyon da gitarsa, ga kuma maƙwabcinmu ɗan kasuwar Abijan da iyalinsa. Kafin mu tashi mun buga waya can mun tambayi lafiyar hanya, kuma shawararmu da rana za mu je, da rana za mu dawo. Ina roƙon duk mai niyyar irin wannan tafiya ya yi haka.

To bismilla. Kaita na gabas da Tawa, kamar kilomita 70. Ku dubi gonaki dama da hagu. Hatsi ya wuce ƙugu, wani ya fara ciki, ana ta maimai. Wanda ya san wannan ƙasa da rani kawai ba zai yarda ita ce ba.

Nan Tamaske ce, mun tsaya ɗaukar mai gurumi. Abokina ne ya yi mana magana da shi tun jiya. Dattijo ne, ya fito da gurumin a naɗe cikin zane, ya gaida Inna har ƙasa, ita kuma ta hau tambayarsa mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, ashe ta san wasu. Mun ƙara sikari da gawayi, mun wuce.

Yanzu ku duba gaba. Ga su nan. Duwatsun Adar ba su da tsini irin na Turai, bisansu a shimfiɗe yake kamar faifai, gefensu ja da fari da ruwan ƙasa, kwari na ratsa tsakaninsu. Mafi tsawonsu bai wuce mita ɗari bakwai da wani abu daga matakin teku ba. Ɗana ya leƙa ta taga ya ce, “Baba, ai ƙanana ne.” Na ce masa ya bari mu hau tukuna.

Kafin hawa mun biya wani ƙauye a gindin dutse, wajen gwaggon abokina. A nan zan ɗan daɗe, don saboda wannan tsohuwa ne ma na matsa a zo da yara. Ku dubi jikin dutsen can da kyau, za ku ga layuka na duwatsu an jera su bi da bi suna kewaya gangaren, da ramuka masu tsawo, itace na tsaye a bakin kowane. Ba haka Allah ya halicce shi ba, hannun mutane ne. A lokacin farin 1984, wanda mutanenmu ke kira El Buhari, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka buɗe aikin da kowa ya sani da Froje Kaita. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi, hukumar noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta riƙe aikin, hukumar abinci ta duniya, PAM, kuma ta riƙa ba ma'aikata abinci a madadin lada. A lokacin maza da yawa sun watse biɗa, wasu Najeriya, wasu Kwaddibuwa. Mata ne suka fi yawa a kan wannan dutse.

Na ce, “Gwaggo, ku ba jikokinku labari, da bakinku ya fi.” Ta ce ita da goyo a baya ta yi aikin. Da asuba suke fita, kowace da gammonta, a ɗauko dutse a ka a kai inda masu awo suka ja layi, a dawo a ɗauko wani, har rana ta take tsaka. A ba su hatsi da mai su kai gida. Ta ce kafin aikin ya zo anza suke ci, kuma anza sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita. Ƴata ta tsakiya ba ta jin Hausa sosai, uwarta ce ke mayar mata, amma na ga yadda take kallon hannun tsohuwar. Inna ma ta sa baki, don ita ma ta ga wannan shekara a Tawa, suka yi ta tuna wa juna abubuwan da ni kaina ban taɓa ji daga bakinta ba.

Ga abin da layukan nan ke yi, ga wanda bai sani ba. Ruwan da ake samu a nan da ƙyar yake kai milimita 400 a shekara, kuma a cikin wata uku yake zuwa, wani lokaci da ƙarfi a sa'a guda. In ya sauka a kan fako, ƙasar da ta daskare ba ciyawa, ba ya shiga. Gangarowa yake yi da gudu, ya tsaga kwazazzabai, ya kwashi yashi da tsakuwa ya je ya binne fadamar da ake noma. Layin dutse na tare shi ya rage masa gudu, rami na riƙe shi ya nutse a hankali, laka da ƴaƴan ciyawa su taru a bayan dutsen. Shekara kaɗan sai ka ga kore a inda ko akuya ba ta tsayawa. A kwari kuma aka yi madatsai don ruwan ya bazu cikin gonaki, rijiyoyi su samu, a yi albasa da tumatir da rani. Itatuwan da aka dasa a wannan aiki miliyoyi ne. Can wajen Buza, a kwarin Majiya, tun 1975 aka fara jera dogon yaro layi-layi don tare iska. Wajen Illela da Badagishiri kuma tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙa a gona don tare ruwa, suka dawo da gonakin da aka riga aka fid da rai da su.

Gaskiya ba ko'ina aikin ya tsaya da kyau ba. Ga wani layi nan ruwa ya fasa shi ba a gyara ba, abokina ya ce wasu madatsan sun cike da yashi, gatari kuma bai bar itacen ya huta ba. Wannan na damuna ƙwarai. Mu ƴan Adar da ke waje muna aiko kuɗi, ana gina benaye a Tawa, ana gina masallatai, madalla da wannan. Amma ƙungiyoyinmu na can da ke tara kuɗi duk wata, in suka ware wani abu don gyaran layi ɗaya a ƙauyensu, gonar mutum nawa za a tsirar? Dutsen yana nan kyauta, masu sanin aikin suna nan da ransu. Zan kai wannan magana taronmu in na koma, in Allah ya yarda.

To mun fara hawa. Inna da Gwaggo mun bar su ƙarƙashin aduwa da tabarma. A hankali, yara, tsakuwar na zamewa. Ku ji numfashina. Wanda ya ce ƙanana ne ga shi can ya dafa gwiwa.

Tsaya, tsaya, kawo nan in nuna musu. Jama'a ku duba abin da auta ta tsinto. Kun ga wannan farin dutse? Ku dubi zanen da ke jikinsa, ƙwanson dabbar ruwa ne ya zama dutse. Abokina malami ya zaunar da su yana yi musu bayani: kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki, waɗannan fararen duwatsu a ƙarƙashin ruwa suka taru. Irinsu ne ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Yaran sun bazu kowa na nema, aljihunsu ya cika. Allah mai iko.

Alhamdulillahi, mun iso bisa. Bari in juya muku kamara a hankali. Ga kwarin Kaita nan gaba ɗaya a ƙarƙashinmu, kore shar, ga ruwa na ƙyalli can, ga rumbuna a bakin ƙauye, ga garken shanu na gangarawa. Iskar nan kuwa, wallahi ba zan iya kwatanta muku ita ba, sanyi da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Ƴata ta nuna wasu manyan itatuwa a tsakiyar gonaki ta ce sun mutu. Ba su mutu ba, gawo ne. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya tare wa hatsi rana, ganyensa taki ne, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne lokacin da ciyawa ta ƙare.

Mun sauko inda su Inna suke, an shimfiɗa abinci. Dambu da zogale, kilishi, cukun da muka saya a kasuwar Tawa, ga fura da nono cikin ƙwarya da ludayi. Maƙwabcina ya hura gawayi ya ɗora shayi, kuma ya ce ba mai tashi sai an sha na uku.

Yanzu ku saurara. Dattijo ya kwance gurumi. Ƙwarya ce da fata da sanda da tsirkiya, iyakarta ke nan, amma ku ji abin da ke fita. Ya fara da kiɗan noma, wanda ake yi wa samari a gayya, yana kiran manoman ƙauyen da kirarinsu, mutanen da suka taru suna amsawa. Abokinmu na Liyon ya daɗe riƙe da gitarsa bai taɓa ba, yana bin yatsun tsohon da ido. Can ya shiga a hankali, daga ƙasa, bai hau kansa ba. Tsohon ya ɗaga kai ya yi murmushi ya ba shi wuri. Matan ƙauye suka kifa ƙwarya suna bugawa, wasu Abzinawa makiyaya da ke wucewa suka tsaya, ɗaya daga cikin matansu ta ce da an faɗa musu da wuri da sun ɗaure turmi an yi tende. Tawa garin kiɗa ne tun da can, gasar mawaƙa ta ƙasa ma sunan mawaƙi Ɗan Gurmu na Tawa aka sa mata, amma ni irin wannan na gindin itace, ba lasifika ba dandamali, shi ne ke taɓa ni.

Sai ya juya kan Inna. Ya kira sunan mahaifinta, ya kira garin da kakanninta suka fito, ya bi zuriyar yana saukowa har ya iso kan yarana, ya kira su ɗaya-ɗaya. Ashe tambayoyin da suka yi ta yi wa juna a mota tun Tamaske, shi tattara kayan aikinsa yake yi. Inna ta rufe fuska da mayafi tana hawaye, ta kwance bakin zane ta yi masa kari, mu ma muka bi. Babban ɗana ya matso ya ce, “Baba, sunana ya faɗa?” Na ce sunanka ne, kuma ya faɗi na wanda aka sa maka sunansa. Ya tashi da kansa ya shiga fili, ƴan ƙauye na tafa masa, ƙannensa suka bi shi. Wannan wurin ba zan yanke ko daƙiƙa ɗaya ba, ku kalla duka.

Iyaye ƴan uwana da ke kawo yara hutu, kada a bar su cikin gida da waya daga isowa har komawa. Ku fita da su gona, ku kai su wajen tsofaffi tun suna nan.

To jama'a, Gwaggo ta nuna mana gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ta ce mu tashi yanzu, don in ya sauka a kan dutse koramu za su kawo, kuma ba a gardama da korama ko da wace irin mota ce. Shayi na uku a tsaye muka sha shi. Mun yi la'asar, mun yi sallama, ta ba yara gyaɗa da kaza guda, sai da muka karɓa ta bar mu muka tafi.

Ga mu mun sauke mai gurumi a ƙofar gidansa a Tamaske, yayyafi ya fara, amma mun riga mun wuce wuraren da ake tsoro. Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Malam mai gurumi, Allah ya saka da alheri. Mutanen Kaita, mun gode da karamci. Jibi in Allah ya kai mu Tabalak za mu, bakin tabki, yara sun ji labarin kifin can sun hana ni sakat. Sai mun haɗu a can.